Inuwa, Layi da Baƙar Fata: Kwatanta Dabarun Ba Hoton Kwamfuta Kamannin Katun

Takardar da aka gabatar a taron masu zane da fasahar kwamfuta, Gwallaga, Bauchi

Tsakure

Takardar nan ta kwatanta manyan dabarun da ake bi a sa mutum-mutumin da aka ƙera a kwamfuta ya fito tamkar da hannu aka zana shi, irin na katun ɗin Japan da ake kira anime. Ta duba yadda ake yanka inuwa, da yadda ake gyara inuwar fuska, da yadda ake jan layi. Hujjar da ta kafa ita ce an auna waɗannan dabaru ne a kan farar fata, da ƙaramin hanci, da tufafi masu kama jiki. Wanda zai zana Bahaushe da babbar riga ƙarƙashin ranar Bauchi dole ya sake awon, kuma dabarun da suka bar hukunci a hannun mai zane su suka fi dacewa da shi, ga shi su ne mafi araha.

Gabatarwa



Tun 1914 Earl Hurd ya yi rajistar dabarar zana katun a kan falle mai garai-garai da ake kira sel, a Amurka. Ana jan layi a gaban fallen, a shafa fenti a bayansa, a ɗora shi bisa hoton wuri, a ɗauka. Kowane launi sai an dama shi daban, kuma hoto dubbai ake bukata, saboda haka babu mai lokacin narkar da haske cikin duhu a hankali. Fata launi ɗaya, inuwarta launi ɗaya, tsakaninsu iyaka mai kaifi. Da Osamu Tezuka ya kawo katun ɗin Tetsuwan Atomu gidan talabijin a 1963, ƙarancin kuɗi ya sa aka ƙara tsuke aikin: maimakon zane 24 a daƙiƙa, sau da yawa 8 ake yi, kowanne ya tsaya firam uku. Abin da talauci ya haifa ya zama salo, har idon duniya ya saba da shi. Fallen sel kansa ya ƙare. Shirin Sazae-san, wanda ya fi kowa daɗewa a kansa, ya bar shi a 2013. Kamannin ne suka rage, su ne kuma ake nema daga kwamfuta.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Nijeriya ta shiga harkar: Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino, Roye Okupe ya yi Malika, wadda ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau, an saki Lady Buckit and the Motley Mopsters a 2020, sannan Iwájú ta Kugali da Disney a 2024. Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, idan yana da laftof, zai iya sauke manhajar Blender kyauta ya fara yau. Abin da zai ci karo da shi shi ne darussan da ke intanet kusan duk fuska iri ɗaya suke koyarwa, kuma ba fuskar gidansu ba ce.

Yanka inuwa

Mutum-mutumin kwamfuta tarin ƙananan alwatika ne da aka ɗinke. A kowane wuri a jikinsa akwai kibiya ta lissafi da ke nuna inda wurin ya fuskanta. Zan riƙa kiranta kibiyar fata. Kwamfuta na auna kusurwar da ke tsakanin wannan kibiya da inda haske ke fitowa. In sun dubi juna sosai, sakamako 1 ne, haske cikakke. In kusurwar ta kai digiri 60, sakamako 0.5. In ta kai 90, sifili. Wannan ƙa'idar Lambert ce, tun 1760 take, kuma ita ke ba hoton kwamfuta sulɓin nan na roba.

Dabarar farko ita ce a sa iyaka: duk abin da ya haura 0.5 a ba shi launin haske, abin da ya gaza a ba shi launin inuwa. Philippe Decaudin ya bayyana irin wannan a Faransa a 1996, sai Adam Lake da abokan aikinsa a kamfanin Intel suka nuna a 2000 cewa ana iya yin sa nan take, ta hanyar ajiye launukan a wani siririn tsani da kwamfuta ke dubawa. A shekarar ne wasan Jet Set Radio mai irin wannan inuwa ya fito a kan na'urar Dreamcast, bayan shekara biyu kuma The Wind Waker na Nintendo. A Blender, injin EEVEE da ya zo da sigar 2.80 a 2019 yana yin wannan da ƙulli (node) biyu, Shader to RGB da Color Ramp. Babu abin da ya fi shi sauƙi, kuma babu abin da ya fi shi tona asirin mutum-mutumi. Duk wani ɗan tudu ko kwari a jikin siffar, wanda sulɓin Lambert ke ɓoyewa, iyaka mai kaifi sai ta zagaye shi ta nuna. In jarumin ya juya kai kaɗan, inuwar ta yi ta rarrafe a kumatunsa.

An yi ƙoƙarin tausasa abin. Amy Gooch da Bruce Gooch da abokansu sun kawo shawara a 1998 cewa kada inuwa ta zama duhu kawai, a bar ta ta karkata zuwa shuɗi, haske kuma zuwa rawaya. Don zanen injuna suka yi, amma zan dawo kan shawarar domin tana da amfani gare mu fiye da yadda suka nufa. X-Toon na Barla da Thollot da Markosian, 2006, ya ƙara wa tsanin launi faɗi, ta yadda abin da ke nesa zai rage yawan inuwarsa da kansa. Kamfanin Valve kuma, a bayanin da ya yi kan wasan Team Fortress 2 a 2007, ya matse lissafin Lambert don kada gefen da ya ba haske baya ya mutu gaba ɗaya, ya kuma ƙara siririn haske a gefen jiki don jarumi ya rabu da bango. Duk waɗannan gyaran tsani ne. Suna canza launin inuwa da taushinta, ba sa canza siffarta.

Inuwar fuska

A siffar inuwa ne aikin yake, kuma a fuska ya fi tsanani. Mai zanen anime ba ya bin gaskiyar haske. Yana sa ɗan alwatika a gefen hanci, da inuwa ƙarƙashin haɓa, da wata ƙarƙashin gashi, ya bar sauran fuskar fes. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Ita ramin ido rami ne, sai ta cika shi da duhu.

Amsar da ta fi shahara ta fito daga kamfanin Arc System Works, a wasan Guilty Gear Xrd na 2014, wanda Junya Motomura ya yi bayaninsa a taron masu ƙera wasanni na GDC a 2015. Lissafinsu na inuwa ba shi da wani zurfi, iyakar nan ce ta farko. Abin da suka yi shi ne sun bi kiban fata suna lanƙwasa su da hannu, har inuwar fuska ta riƙa faɗowa a tsaftace ta kowace kusurwa. Sun ba kowane jarumi fitilarsa ta kansa, wadda ba ruwanta da hasken filin. Sun shafa alama a wuraren da suke so su riƙa saurin shiga inuwa, kamar ƙarƙashin wuya. Sannan suka hana kwamfuta cike motsi tsakanin tsayuwa da tsayuwa, suka gyara kowane firam da hannu. Wato sun ƙwace hukunci daga lissafi sun mayar wa mai zane. Mai Blender na iya kusantar wannan ba tare da wahalar bin kibiya ɗaya-ɗaya ba: ya ƙera siffa mai santsi kamar ƙwai, ya lulluɓe kan jarumin da ita, ya kwafo kibanta zuwa fuskar da Data Transfer.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka sani a wasanni irin Genshin Impact na 2020. Mai zane na zana siffar inuwar fuska yadda yake so a kusurwoyin haske daban-daban, daga gaba zuwa gefe, a haɗe zanukan su zama taswira ɗaya mai ruwan toka. Idan haske ya zagaya, inuwar ta bi zanen, ba ta bi ƙashin fuska ba. Tana da tsafta ƙwarai. Rauninta shi ne a yadda aka saba gina ta, zagayen haske daga hagu zuwa dama take kula da shi, ba hawansa sama ba. Bauchi na kan kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, rana na ratsa tsakar ka sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Agusta, kuma ko a sauran watanni hasken azahar daga bisa yake dukan mutum. Inuwar da ke ba da labarin ranarmu tana ƙarƙashin bakin hula, da ƙarƙashin gira, da cikin naɗin rawani. Wanda ya ɗauko taswirar fuskar Genshin yadda take, zai sami jarumi da ke tsaye a Wunti, cikin Bauchi, da tsakar rana amma fuskarsa na cewa hantsi ne. Dole a zana jeri na biyu na hasken sama, ko a koma ga lanƙwasa kibiya.

Akwai hanya ta uku da Hideki Todo da Ken Anjyo da abokansu suka gabatar a 2007, inda mai zane ke shafa gyaran inuwa a wasu firam, kwamfuta ta cike tsakani. Ta fi dacewa da fim fiye da wasa, domin a fim an san inda kyamara za ta tsaya.

Baƙar fata

A nan nake so in daɗe. Yawancin darussa na cewa a samo launin inuwa ta hanyar ninka launin fata da wani adadi, a ce 0.7. Allon waya na da matakan haske 256 a kowane launi. Fata mai haske da ke mataki na 204, in an ninka, ta sauka 143. Tazarar mataki 61 ke nan. Fata mai duhu da ke mataki na 51 za ta sauka 36, tazara 15. A ɗaki mai duhu, a allo mai kyau, ido zai iya raba su. Amma masu kallonmu a waya suke kallo, sau da yawa a waje, hasken rana na dukan gilashin, kuma bidiyon ya riga ya bi ta WhatsApp ko TikTok, inda matse fayil ke fara cinye bambancin da ke cikin duhu. Tazara 15 ba ta tsira daga wannan. Fuskar ta zama dunƙule ɗaya, baƙin layin hanci da na baki su nutse a ciki, ido da haƙori kaɗai su rage. Wannan kamanni yana da mummunan tarihi a zanen baƙar fata, kuma bai kamata mu sake haifar da shi da hannunmu saboda mun kwafi lamba daga darasi ba.

Wasu na guje wa matsalar ta hanyar haskaka fatar jarumi har ta koma ruwan madara da shayi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Yaron da ke kallo a Gwallaga ya cancanci ya ga launin mahaifiyarsa yadda yake.

Mafita tana cikin yadda fata ke karɓar haske. Ƙyallin da ke tashi daga saman fata kusan ɗaya ne ga kowa, amma hasken da ke shiga ciki ya dawo ya fi ƙaranci a fata mai duhu. Saboda haka a fuskar baƙin mutum, ƙyalli ne ke faɗa wa ido inda goshi ya lanƙwasa, da inda ƙashin kunci ya taso, da doron hanci. Anime na Japan na ɗaukar haske a matsayin asali, ya zana inuwa a kai. Mu ya kamata mu juya: launin fata na tsakiya ya zama asali mai faɗi, a zana siffar haske a kansa da kulawar da Japanawa ke ba inuwa, inuwar kuma ta zama ƙarama. Tsani mai hawa uku ke nan, kuma hawan sama shi ne mai aiki. Ken Anjyo da Katsuaki Hiramitsu sun nuna tun 2003 yadda ake jan ƙyalli, a miƙe shi, a raba shi, a ba shi kusurwa. Sun yi ne don gashi da ƙarfe da gilashi, amma dabarar ta zauna daidai a goshi da kunci.

A nan ne shawarar Gooch ke dawowa. Tunda babu sarari a duhu, a nemi bambancin a launi: haske ya karkata zuwa ja-ja mai ɗumi, inuwa zuwa shunayya ko shuɗi mai zurfi. Guilty Gear ma ba da toka yake ninka inuwa ba, kowane sashe na jiki da launin inuwarsa da aka zaɓa. A ƙara hasken gefe irin na Valve, musamman a fitowar dare. Layin cikin fuska kuma kada ya zama baƙi; ja mai duhu ya fi fitowa, wani lokaci ma siririn haske a gefen leɓe ya fi kowane layi aiki.

Layi da tufafi

Hanyoyin jan layi uku ne. Ta farko juyayyen ɓawo: a kwafi mutum-mutumin, a kumbura kwafin kaɗan, a juya cikinsa waje, a shafa masa baƙi, sai gefensa kawai ya leƙo, kamar shafin riga da ya ɗan fi rigar tsawo. Ba ta da nauyi, ana ganinta nan take, kuma ana iya shafa kaurin layin wuri-wuri. Tana tsagewa a kusurwa mai kaifi, kuma tana rikicewa a kan ƙyalle marar kauri, irin bakin hijabi ko jelar rawani, sai an ba ƙyallen ɗan kauri tukuna. Ta biyu ita ce neman gefe a cikin hoton da aka riga aka fitar, ta duba inda nisa ko kibiyar fata ta yi tsalle. Tushenta aikin Takafumi Saito da Tokiichiro Takahashi ne na 1990. Yawan jama'a a fage ba ya ƙara mata nauyi, don haka ita ce ta taron hawan Sallah, amma layinta kauri ɗaya ne, ba shi da rai. Ta uku ita ce bin gefunan siffar ɗaya bayan ɗaya a lissafa wanda ya kamata a ja: Freestyle da ya shiga Blender a 2013, da Line Art na Grease Pencil a 2021, da Pencil+ da ɗakunan Japan ke saya. Ita ta fi kyan layi, ita ta fi cin lokaci.

Lokaci kuwa a wurinmu wuta ne da man janareta. Shirin minti 10 a firam 24 kowace daƙiƙa hoto 14,400 ne. In kowane hoto na cin minti 5, ana bukatar awa 1,200, kwana 50 cur injin bai huta ba. In daƙiƙa 5 yake ci, awa 20 ne. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa ƙaramin ɗaki ya zaɓi EEVEE da juyayyen ɓawo, ya ajiye Line Art don hotunan kusa. Kada kuma a ɗauka araha na nufin ƙasƙanci: fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis daga Latbiya da Blender aka yi shi, da EEVEE aka fitar da shi, ya kuma ci Oscar a 2025.

Sai babbar riga. Duk mai son wannan aiki ya tsaya a bakin Masallacin Juma'a na Gwallaga bayan an sallame, ya kalli yadda riga ke zama a jikin mutum: yadda ake naɗe hannunta a kafaɗa, yadda nauyinta ke zubowa cikin manyan ninki uku ko huɗu, yadda bugaggiyar shadda ke walƙiya a doron ninkin kawai. Idan aka bar kwamfuta ta kwaikwayi ƙyallen, za ta ba da ɗaruruwan ƙananan tamoji, iyakar inuwa kuma ta mai da kowanne baƙin tabo mai rawa. Maganin fuska shi ne maganin riga: a kwafo kibiya daga siffa mai santsi da ke ɗauke da manyan ninkin kaɗai, a bar ƙyallen ya yi motsinsa, inuwar ta bi sauƙaƙƙiyar siffar. Walƙiyar shadda da ta rawanin ɗan Kura kuma a ja ta tsaye, doguwa, da dabarar Anjyo.

Aikin wuyan riga, aska biyu ko aska takwas, da ɗinkin hula, da zanen atamfa, da ƙunshin lalle, matsalarsu ɗaya: siraran layuka da ke kyalkyali su ɓace in kyamara ta ja baya. Motomura ya magance irin wannan ta hanyar zana layukan ciki a miƙe sak a kan shimfiɗar launi, ya lanƙwasa shimfiɗar ta bi jiki, don layin kada ya yi haƙora ko an matso. Hakan na aiki ga tsagar fuska da manyan layukan aska. Ga cikon ɗinkin kuwa, tunanin X-Toon ya fi: a kusa a ga zare, a tsakiya a ga siffar askar kawai, daga nesa ta zama launi ɗaya a ƙirji. Mai ɗinkin hannu ya fi mu sanin wane layi ne ƙashin bayan aikin, wanne ne ado, kuma shi ya kamata a tambaya kafin a rage komai.

Motsi

Ko an gyara inuwa da layi, motsi na iya tona asiri. Knights of Sidonia na Polygon Pictures, 2014, ya rage yawan firam don ya yi kama da zanen hannu, masu kallo da yawa kuma suka ga yana tsinkewa. Ɗakin Orange, a Land of the Lustrous na 2017 da Beastars na 2019, ya fi samun karɓuwa domin yana sauya yawan firam gwargwadon abin da fage ke so, yana kuma gyara siffar fuska don kyamara. Zubar da firam biyu cikin uku ba shi ne salon Tezuka ba. Zaɓen tsayuwar da za ta ɗauki nauyin motsin shi ne. Ga riga mai faɗi wannan ma sauƙi ne, domin zanen naɗe hannun riga a tsayuwa biyar masu kyau ya fi kwaikwayon ƙyalle na awa guda.

Da za a ba ni zaɓin aikin da za a gwada duk wannan a kansa, Shaihu Umar zan ce, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, marubucinsa kuma yana kwance a garin nan. A cikinsa akwai zauren karatu mai duhu, akwai ayari a Sahara da tsakar rana, akwai Hausawa da Larabawa a fage ɗaya, launin fata daban-daban ƙarƙashin haske ɗaya. Fage guda na minti biyu, malamin zaune cikin almajiransa da rawani da riga, zai tilasta wa ɗaki ya warware tsanin fata, da inuwar rawani, da ninkin riga, da layin gemu. Abin da aka samu, lambobin launi da fayilolin ƙulli, a sa su inda kowane ɗalibi a Bauchi da Kano da Maraɗi zai sauke, tare da hoton gwaji da aka tura ta WhatsApp aka duba a waya a tsakar rana.